Littafin aikin gas a jirgin Kawu: Bur Sudan, Oktoba zuwa Disamba 2024

Asabar, 5 ga Oktoba

An jawo jirgin Kawu kan tudu domin a duba katakon ƙasansa a kuma sabunta masa fenti, ni kuwa na nemi a ba ni wannan dama in gyara yadda ake girki a cikinsa, tunda da wuya a sake samun lokacin da zai zauna wuri ɗaya na makonni. Jirgin kamun kifi ne na katako da aka lulluɓe da faiba, tsawonsa mita 12, yana da injin dizal a cikinsa, da akwatin ƙanƙara a tsakiya, da ƙaramin ɗakin tuƙi. Mutum shida ne ke fita da shi, kuma sukan kwana a teku har wajen tsibirin murjani na Sanganeb, saboda haka ba yadda za a yi a raba shi da murhu.

Ga abin da na tarar. Tukunyar gas mai kilo 12.5, irin ta gida, tana ɗaure da igiya a jikin ɗakin tuƙi, kamu biyu kacal daga murfin ɗakin inji. Regiletar da ke kanta, wato na'urar da ke rage matsin gas, ita ma ta gida ce, iskar gishiri ta ci ta har fentinta ya kware. Da na lanƙwasa tiyon a hannuna sai ƙananan tsage suka buɗe a bayansa tun daga wannan baki har wancan, kuma da waya aka ɗaure shi a jikin murhun, babu maɗauri ko ɗaya. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, don haka kayan da za su shekara goma a kicin ɗin gida ba su daɗewa a nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusancin tukunyar da murfin inji. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo a gida, yakan bi ƙasa ya fice ta ƙarƙashin ƙofa, amma jirgi ƙwarya ce, an yi shi ne domin kada komai ya wuce ta ƙasansa, don haka duk abin da ya gangara cikin raminsa a nan zai kwanta, kusa da batir da sitata da famfon kwashe ruwa, waɗanda kowannensu yana iya fitar da tartsatsi. Kafin masu fenti su kankare jikin jirgin, na auna tabon da ruwa ya bari a inda yake kaiwa idan an cika shi da ƙanƙara da kifi, na rubuta awon, domin zan buƙace shi nan gaba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na zauna da Kawu bayan la'asar na kawo masa lissafi a takarda, domin shi mutum ne da ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga dalili.

Gas ɗin da ake cika mana a tukwane gauraye ne na furofen da butan. Furofen ya ninka nauyin iska sau ɗaya da rabi, butan kuwa kusan sau biyu. Furofen yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 2.1 cikin ɗari na iskar wuri, kuma yana ci gaba da zama haɗari har zuwa kashi 9.5. Na auna ɗakin inji da ramin da ke ƙarƙashinsa, suka ba ni kimanin lita 6,000. Kashi 2.1 na wannan bai wuce lita 126 ba, wato abin da bai kai kwatan kilo na gas ba, alhali tukunya ɗaya cikakkiya tana iya ba da fiye da lita 5,000 idan ruwan da ke cikinta ya koma iska. Kan murhu guda da aka bari a buɗe babu wuta yana zubar da wannan kwatan kilo cikin kimanin awa biyu. Kuma ba sai gas ya cika ɗakin duka ba, tunda taruwa yake yi a ƙasa, a daidai inda wayoyin famfo suke.

Kawu ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa muna girki a haka, Allah bai taɓa nuna mana gobara ba?" Na ce, "Kawu, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma da gawayi kuka fi daɗewa kuna yi, shi kuwa gawayi ana ganin wutarsa. Wannan ba a ganinsa, kuma warin da ake sa masa a masana'anta domin a ji shi yana ɓacewa cikin warin dizal da ƙarnin kifi." Ya tambayi abin da aikin zai ci, na faɗa masa gaskiya cewa zai fi kuɗin fentin, kuma yawancin kayan sai an sayo su daga Jidda. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ga laifinsa ba, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 rayuwa ta yi tsada a garin nan, jama'a sun cika shi, gas ɗin kansa ma ya yi wuya bayan matatar Jaili da ke arewa da Khartum, wadda a da take ba ƙasar kaso mai yawa na gas ɗin girki, ta daina aiki. Duk da haka ya amince, bisa sharaɗin cewa aikina ba zai hana jirgin komawa ruwa a farkon Disamba ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na kammala zanen tsarin. Na dogara da ƙa'idoji biyu da aka san su a wannan fanni: ISO 10239, wadda ta shafi gas a ƙananan jiragen ruwa, da A-1 ta hukumar ABYC ta Amurka. An rubuta su ne da jiragen shaƙatawa a zuciya, ba irin namu ba, amma gas bai san bambancin jirgin attajiri da na masunci ba, kuma manufarsu ɗaya ce: a ajiye tukunya a inda duk abin da ya yi yoyo zai fita bayan jirgi, a rage yawan mahaɗai iya yadda za a iya, kuma a sami hanyar datse gas ba tare da an miƙa hannu ta kan wuta ba. A inda suka saɓa da juna na ɗauki mafi tsauri.

Tsarin ya tsaya haka. Za a gina akwati a bayan jirgi, gefen dama, nesa da ɗakin inji. A cikinsa tukunya za ta tsaya, da geji mai nuna matsin gas, da regileta, da bawul mai aiki da lantarki. Daga nan bututun jan ƙarfe guda ɗaya, wanda ba a yanke shi ko'ina ba, zai tafi har wurin girki. Na yi ta tunanin ko in shigar da murhun cikin ɗakin tuƙi saboda iska, domin iskar arewa takan dame mu a wannan gaɓa yawancin shekara, amma na fasa, saboda ɗakin yana da ƙofa a ƙasansa da ke sauka wajen inji, kuma a cikinsa mutane ke kwana. Murhun zai zauna a waje, cikin 'yar rumfa mai bango uku, ƙasanta a buɗe ta wajen ramukan da ruwa ke fita daga dandamali.

Na aika wa yayana da ke Jidda jerin kayan da hotunansu, na kuma jaddada masa cewa regiletar ta zama ta jirgin ruwa, mai fitar da gas a matsin milibar 30, kuma murhun ya zama wanda aka yi domin wannan matsi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Akwatin ya ci mana mako guda ni da usta, wato gwanin da ke mana aikin faiba. Mun yi shi da filawud mai kauri, muka lulluɓe ciki da waje da faiba har babu wata kafa da ta rage tsakaninsa da cikin jirgi. Ta sama kaɗai yake buɗewa, murfin yana da roba a bakinsa da sakata, kuma bangonsa ya ɗara kan tukunya da regileta tsawo. A ƙasa mun kafa zoben katako wanda gindin tukunyar zai zauna a ciki, da ɗamara mai ƙarfi da za ta riƙe ta a tsaye ko da igiyar ruwa ta kwantar da jirgin. Tsayuwar nan tana da muhimmanci, domin idan tukunya ta kwanta ruwan gas ne zai shiga regileta maimakon iskarsa, kuma lita ɗaya ta ruwan furofen tana komawa kusan lita 270.

Magudanar ƙasan akwatin ita ce zuciyar aikin, kuma a kanta muka fi ɓata lokaci. Ƙa'idar Amurka ta yarda da rami mai faɗin rabin inci, ta ISO kuwa ta ce kada ya gaza milimita 19, ni na sa 25. Dole bututun ya fara daga mafi ƙasan akwatin, ya yi ta gangarowa ba tare da ya lotsa a tsakiya ba, domin idan ya lotsa ruwa zai kwanta a wurin ya toshe wa gas hanya, sannan ya fita ta jikin jirgi sama da iyakar ruwa. A nan awon da na ɗauka ranar farko ya yi amfani. Usta ya so ya huda daidai da layin sabon fenti, na ce, "Usta, a yi haƙuri, wannan layin na jirgin da babu kaya ne." Da muka mayar da awon tabon, sai muka ga ramin zai nutse duk lokacin da aka dawo da kifi. Muka ɗaga gindin akwatin taƙi guda, ramin ya tsaya santimita 20 sama da iyakar ruwan jirgi mai kaya, ya kuma yi nisan fiye da rabin mita daga bakin salansa da kowace kafa da ke shiga ciki.

Mun shafe akwatin da farin fenti. A watannin zafi garin nan yakan wuce digiri 40 a inuwa, kuma matsin furofen, wanda yake wajen bar 7 ko 8 a digiri 21, yana kaiwa kusan 12 a digiri 38. Bai kamata a bar tukunya ta yi zafin da ya wuce digiri 50 ba, abin da baƙin akwati a tsakar rana zai iya kaiwa cikin sauƙi.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Kaya ba su iso ba tukuna. An yi ruwan sama, wanda ya tsayar da masu fenti, ni kuwa na yi amfani da shi na duba akwatin: murfin bai shigar da ruwa ba, kuma bokitin da na juye a ciki da gangan ya fice ta magudana duka, bai bar ko cikin cokali ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Wani ɗan unguwarmu da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Sawakin daga Jidda ya kawo saƙon. Komai ya zo daidai in ban da tiyo, wanda yayana ya ɗauka zan samu a nan. Na shiga kasuwa nema, wani mai shago ya miƙo mini wani ja mai sheƙi ya rantse cewa na gas ne. Na juya shi a hannu daga farko har ƙarshe, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, kuma da na leƙa bakinsa ban ga zaren da ake saƙawa a tsakanin robar ba. Tiyon gas na ainihi yana ɗauke da tambarin LPG, wato gas ɗin girki, da matsin da yake iya jurewa, da shekarar da aka yi shi, duk a buge a jikinsa. Tiyon ruwa kuwa gas yana cin robarsa a hankali har ta bushe ta tsage. Abin ya ɓata mini rai, domin na san mata da yawa suna sayen irinsa su kai gida ba tare da sun sani ba. A shago na gaba na sami mai tambari wanda aka yi a 2023, na kuma rubuta a cikin murfin akwatin cewa a canza shi kafin ƙarshen 2028, ko da bai nuna alamar lalacewa ba.

Na kuma duba tukwanen Kawu guda biyu. Ɗaya tsatsa ta ci zoben gindinta har yana ɓarewa, na ce ba za ta hau jirgi ba. Ɗayar na ɗora ta a sikeli, na cire nauyin tukunya wanda aka buga a wuyanta, abin da ya rage ya yi daidai da kilo 12.5. Wannan awo ya zama dole a irin wannan lokaci da ake samun masu juye gas daga tukunya zuwa tukunya a bayan fage. Ana cika tukunya ne zuwa kimanin kashi 80 cikin ɗari, a bar sauran domin ruwan ya sami inda zai kumbura idan ya ji zafi, wadda aka cika fiye da haka kuwa rana kaɗai ta ishe ta zama bala'i.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau bututu ya shiga. Jan ƙarfe ne mai laushi, milimita 8, tsawonsa ya ɗan haura mita 4. Na bi da shi ta ƙarƙashin katakon gefen jirgi, inda ƙafa ba ta takawa kuma ƙugiya ba ta kaiwa, amma ido yana iya ganinsa daga farko har ƙarshe. Kowane rabin mita na kama shi da maɗauri mai roba a ciki, domin girgizar inji tana sa jan ƙarfe ya taurare ya tsage idan aka bar shi yana lilo. Inda ya ratsa bangon akwatin na sa zoben da ke toshe ramin gaba ɗaya, kuma na yi ramin ne can sama kusa da murfi. Na nisanta bututun gas ɗin da wayoyin lantarki da bututun salansa. Mahaɗai biyu kawai gare shi, ɗaya a cikin akwati, ɗaya a wurin murhu, inda na sa bawul na hannu sannan tiyon da bai kai mita ɗaya ba.

Na kafa regiletar a bango, sama da kan tukunya, ƙaramin ramin numfashinta yana duban ƙasa domin kada ruwa ya shiga. Ƙanena, wanda yake taya ni, ya ɗauko farin tef zai naɗa a kan mahaɗar da aka buɗe wa baki, na hana shi, na nuna masa cewa irin wannan mahaɗa ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe, tef ba ya ƙara mata komai sai dai ya hana ta zama, ko guntunsa ya shige ya toshe regileta.

Murhun mai kai biyu ne, kuma kowane kai yana da 'yar sandar ƙarfe a gefensa wadda ke jin zafin wuta. Muddin tana da zafi gas yana zuwa, idan iska ta kashe wutar ta huce, sai ta datse shi cikin 'yan daƙiƙu. A wurin da iska ba ta hutawa, wannan 'yar sanda ta fi mini komai daraja a jikin murhun. Mun ɗaure shi da noti a kan teburinsa, mai walda ya yi masa shingen ƙarfe da zai riƙe tukunyar miya, muka kuma lulluɓe bangon rumfar da farantin ƙarfe, da 'yar tazara tsakaninsa da katako.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Aikin lantarki. Bawul ɗin da ke cikin akwati a rufe yake kullum, sai an ba shi wuta yake buɗewa, don haka idan batir ya mutu ko waya ta tsinke, gas ne zai tsaya. Makunninsa yana bakin rumfar girki, inda mai dafa abinci zai iya kai hannu ba tare da ya ratsa kan murhu ba, yana da jar fitila da fiyus nasa. Yana jan kusan rabin amfiya kuma yana ɗumi idan ya daɗe a kunne, wanda ƙarin dalili ne na kashe shi da zarar an sauke girki.

Na'urar jin warin gas ta ɗan ba ni wahala wajen zaɓar mata wuri. Dole hancinta ya sauka ƙasa sosai, amma idan ruwan ramin jirgi ya taɓa shi ya lalace. Na kafa shi a ɗakin inji, taƙi guda sama da inda ruwan yakan kai kafin famfo ya tashi, a gefen da ke kusa da wurin girki. Irin waɗannan na'urori suna yin ƙara tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da zai iya kamawa da wuta ba, kuma na haɗa tamu da bawul ɗin yadda za ta rufe shi da kanta. Na gwada ta da laita, na danna gas ba tare da na ƙyasta ba, daga ɗan nesa, ta yi kuka, jar fitilar ta mutu. Tururin fenti ma ya sa ta kuka da rana, na kuma ji wani daga cikin ma'aikatan yana cewa a teku cire mata waya za a yi. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na'urar da aka saba jin kukanta babu dalili ita ce ake kashewa, shi ya sa na ce kada a ƙara ajiye gwangwanin fenti ko fetur a ɗakin inji.

Tun da ina wurin, na cire 'yan maƙalan da ake cizon kan batir da su, na sa na noti masu murfin roba, na kuma tayar da bakin murfin inji da katako mai tsawon yatsu huɗu, domin abin da ke gudana a kan dandamali ya wuce ta gefe.

Litinin, 2 ga Disamba

Gwajin yoyo, da sassafe kafin rana ta taɓa akwatin, domin zafi da sanyi suna motsa allurar geji ko da babu yoyo. Yadda ake yi shi ne: a rufe kawunan murhu, a kunna bawul na lantarki, a buɗe tukunya har bututu ya cika, a duba inda allura ta tsaya, sannan a rufe tukunyar a zuba ido. Ƙa'idar ABYC ta ce allurar ta tsaya cik na aƙalla minti 3. Tamu ta tsaya a wajen bar 5, sannan ta fara sauka a hankali.

Na kaɗa ruwan sabulun wanke kwano na bi mahaɗai da burushi ɗaya bayan ɗaya. Ba a amfani da sabulun da ke da amoniya, domin tana tsaga tagulla, wuta kuwa ba a ko ambatonta a wannan aiki, duk da cewa na sha ganin masu sayar da gas suna gwada tukunya da ashana. Mahaɗan bututu ba su nuna komai ba. A bakin tukunyar ne kumfa ta fara tasowa, ƙanana ƙanana, suna haɗuwa suna zama babba, ta fashe wata ta biyo. Da na kwance sai na ga 'yar robar da ke cikin bakin ta taurare ta kuma tsage a gefe ɗaya. Na canza ta, na wanke sabulun da ruwan daɗi, na sake gwaji, na bar shi kwata na awa, allurar ba ta motsa ba. Na sayi irin robar da yawa na rataye su a leda a ɗakin tuƙi, domin kowace tukunya da za a karɓo da tata robar take zuwa, kuma dole a maimaita wannan gwaji duk lokacin da aka canza tukunya.

Na bayyana wa ƙanena cewa gejin nan ba ya nuna yawan gas da ya rage, matsin yana nan kusan yadda yake har sai ruwan ya kusa ƙarewa. Sikeli ne kaɗai ke faɗin abin da ya rage. Da yamma aka mayar da jirgin ruwa, kamar yadda na yi wa Kawu alkawari.

Talata, 10 ga Disamba

Na tara ma'aikatan duka a kan jirgi, Hausawa da Hadandawa 'yan asalin wannan yanki, rayis, wato shugaban jirgin, yana fassara wa waɗanda Larabcinsu bai yi ƙarfi ba. Kowa ya kunna murhun da hannunsa ya kuma kashe. Wajen kashewa na koya musu su fara rufe tukunya, su bar wutar ta cinye abin da ke cikin bututu ta mutu da kanta, sannan su rufe kan murhu su kashe makunni, domin kada a kwana da gas a cikin layi.

Sannan muka yi gwajin abin da za a yi idan an ji wari ko na'ura ta yi ƙara. A rufe tukunya, a kashe taba da duk wata wuta, kada a taɓa makunni ko ɗaya, ko na kunnawa ko na kashewa, kada a tayar da inji, a buɗe duk murafe iska ta ratsa. Gas ɗin da ya kwanta a rami ana fitar da shi da famfon hannu, ko a riƙa ɗibarsa da bokiti ana juyewa bayan jirgi kamar ruwa. Da na nuna musu haka da bokitin da ido ke gani babu komai a ciki, matasan suka yi dariya, amma rayis bai yi ba, ya ce ya taɓa jin haka wurin tsofaffin matuƙa.

Matsaloli biyu suka taso. Rayis ya so ya ajiye igiya da ƙaramar anka a cikin akwatin tunda akwai fili, na roƙe shi da girmamawa cewa kada komai ya shiga, domin igiya za ta toshe magudana, ƙarfe kuma zai daki regileta. Ta biyu ita ce jabana, wato kofin gargajiya da ake sha a nan. Hadandawa ba za su sha kofin da ba a soya a kan gawayi ba, kuma ban ga amfanin kafa dokar da na san za a karya da zarar an bar gaɓa ba. Muka daidaita cewa kaskon gawayin zai zauna can goshin jirgi, cikin tire mai yashi, kuma ba za a hura shi ba sai tukunyar gas tana rufe. Na rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a ƙofar ɗakin tuƙi, bargon kashe wuta kuma kusa da rumfar girki.

Asabar, 21 ga Disamba

Jirgin ya dawo daga fita, na je na duba tun ba a gama sauke kifi ba. Bakin magudana yana sama da ruwa duk da nauyin kaya. Gwajin geji ya yi kyau. Yaron da ke girki ya ce iska ta kashe masa wuta sau da yawa, kowane lokaci kuma gas ya tsaya da kansa, sai dai ya yi kukan cewa ruwan zafi yana daɗewa, don haka zan ƙara wa rumfar ɗan bango ta gefen arewa, amma ba zan rufe ƙasanta ba.

Da na juye ruwa a akwatin sai ya fita a hankali fiye da da. Na zura waya a magudanar, busasshen laka ya faɗo, ashe zanzaro ne ya fara gini a ciki tun jirgin yana kan tudu. Ba zan sa raga mai ƙananan ido a bakin ba, domin gishiri zai toshe ta, sai dai na ƙara zuba bokitin ruwa cikin abubuwan da za a yi kafin kowace fita, na rubuta shi da Hausa da Larabci a cikin murfin.

Abin da ya rage: Kawu yana son tukunya ta biyu domin doguwar tafiya zuwa Dungunab da ke arewa, kuma ba za ta hau ba sai an gina mata nata akwatin a gefen hagu, da magudanarsa, domin tukunyar ajiya, ko da ta ƙare, haɗarinta ɗaya da wadda ake amfani da ita. Usta ya ce zai sami lokaci a Janairu. Na'urar jin iskar kabon monoksaid da zan sa a ɗakin tuƙi, saboda hayaƙin inji da na gawayi, tana hannun yayana a Jidda, yana jiran mai tahowa. Maɗaurai biyu na bututun sun fara nuna tsatsa, zan canza su da na ƙarfen da ba ya tsatsa ranar Litinin, in Allah Ya yarda.